Yadda Za Ka Horar da Kunnenka ga Kiɗan Jaz, Ka San Tarihinsa ta Hanyar Sauraro

Yawancin masu cewa jaz ba ya shiga kunnensu, kukansu iri ɗaya ne. Kiɗan yakan fara da daɗi, amma kafin minti ɗaya ya cika sai kowa ya kama gabansa, mai busa yana hawa yana sauka, ba a san inda aka nufa ba. Wannan kuka yana da dalili. Sai dai abin da ake ji kamar hayaniya, a kan wani tsari yake tafiya, tsari mai zagayowa wanda duk makaɗan suke riƙe da shi a ka. Mai sauraro ne kawai ba a gaya masa ba. In kunnenka ya kama wannan zagaye, tarihin jaz na fiye da shekara 100 zai zo maka da sauƙi, domin kowane zamani ana gane shi ne da abin da makaɗansa suka yi da zagayen.

Mataki na 1: Gyara yadda kake sauraro

Kada ka saurari jaz da sifikar waya. Ba ta fitar da sautin bas, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake kaɗawa a tsaye, alhali shi ne zai riƙe hannunka a duk abin da ke tafe. Nemi iyafis ko da mai araha ne, ka sauke waƙoƙin da zan ambata daga YouTube ko Spotify lokacin da data ke da sauƙi, ka ware minti 15 da ba ka yin komai. Waƙa ɗaya sau biyar ta fi maka waƙa biyar sau ɗaya.

Mataki na 2: Kama bugun

Fara da "Freddie Freeloader", daga faifan Kind of Blue na Miles Davis wanda ya fito a 1959. A karon farko ka ƙyale masu busa gaba ɗaya. Kasa kunne can ƙasa, za ka ji bas ɗin Paul Chambers yana taku ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba jinkiri. Ƙirga tare da shi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake. Kowane bugu huɗu shi ne gaɓa ɗaya.

In ƙirgar ta zauna, sai ka riƙa tafi a kan biyu da huɗu kawai. Da farko hannunka zai so komawa kan ɗaya da uku, ka hana shi. Makaɗin ganga, Jimmy Cobb, yana taka wasu faya-fayan tagulla biyu da ƙafarsa ta hagu su haɗu su ce "cik" daidai kan biyu da huɗu, hannunsa na dama kuma yana kan babban faifan tagulla yana "tin, tin-ti-tin, tin-ti-tin". Lura da wannan "tin-ti". Ba a raba bugun gida biyu daidai ba, rabin farko ya ɗan fi tsawo, na biyu gajere ne yana tunkuɗa ka gaba. Wannan rangaji shi makaɗan ke kira suwin, kuma shi ne ke sa kan mutum ya fara kaɗawa bai sani ba.

Mataki na 3: Gano zagayen

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

"Freddie Freeloader" an gina ta a kan tsarin bulus, kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Zagayen bulus gaɓa 12 ne. Ƙirga haka: ɗaya-biyu-uku-huɗu, biyu-biyu-uku-huɗu, uku-biyu-uku-huɗu, har ka kai goma sha biyu, sannan ka dawo ɗaya. A gaɓa ta 5 za ka ji kamar ƙasan kiɗan ya ɗaga, a ta 7 ya dawo mazauninsa, a ta 9 ya yi wata juyawa mai nuna an kama hanyar gida. Masu busa za su rera ainihin karin waƙar sau biyu, sannan su yi shiru. Daga nan Wynton Kelly zai shiga da fiyano, sai Miles da ƙahonsa na turampet, sai John Coltrane, sai Cannonball Adderley da nasu saksofon, sai mai bas. Kowannensu yana ƙirƙirar abin da yake busawa nan take ne, amma a ƙarƙashinsa gaɓoɓin nan 12 ba su daina zagayowa ba. In kowa ya gama, a dawo kan karin farko a rufe.

Wanda ya taɓa sauraron Mamman Shata ya san wani abu mai kama da wannan. Kalangu na tafe, 'yan amshi na da abin da suke maimaitawa, shi kuma yana zuba baiti yadda ya zo masa a lokacin, ya tsawaita inda ya so, amma bai taɓa ɓacewa daga inda amshi zai shigo ba. Bambancin shi ne a jaz sau da yawa ba a furta amshin da baki. Yana cikin sautukan da fiyano da bas ke sauyawa, kai ne za ka riƙe shi a zuci.

Za ka ɓace a ƙirga, ba makawa. In hakan ta faru kada ka koma farko, jira mai ganga. Yakan yi wani ɗan ƙarin bugu in zagaye ya zo ƙarshe, sabon mai busa kuma kusan kullum a kan gaɓa ta ɗaya yake shigowa.

In bulus ya zauna, koma kan "So What" a wannan faifan dai. Ita gaɓa 32 ce, kashi huɗu masu gaɓa takwas-takwas. Kashi na ɗaya, na biyu da na huɗu iri ɗaya ne, na uku ne ya bambanta. Bayan ɗan share fage na fiyano da bas, bas ne ke yin kira, sauran su amsa da sauti biyu. A gaɓa ta 17 duk kiɗan zai ɗan hau sama kaɗan, ya yi gaɓa takwas a can, ya sauko. Aikinka shi ne ka ɗaga yatsa duk lokacin da ka ji wannan hawan a cikin busar Miles. Ranar da ka fara jin zuwansa tun kafin ya iso, to ka shigo gari. Dubban waƙoƙin jaz a kan waɗannan tsare-tsare biyu suke, mai 12 da mai 32.

Mataki na 4: Bi tarihin da kunne

Yanzu sai a koma tushe. Jaz ɗan birnin New Orleans ne, a jihar Louisiana, inda kogin Mississippi ke gab da faɗawa teku. Birnin ya zauna a hannun Faransa da Sifen kafin Amurka ta saye yankin a 1803, kuma yana da wani fili da ake kira Congo Square inda bayi 'yan asalin Afirka ke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Bayan an soke bauta a 1865, jikokinsu suka haɗa abubuwa da dama wuri guda: waƙoƙin aiki da na coci masu kira da amshi, bulus, kiɗan fiyano na ragtaim, da kayan busa irin na badujala da ake fita da su fareti da rakiyar gawa. Zuwa farkon shekarun 1900 wani sabon abu ya fito daga wannan haɗi. Ana yawan ambaton mai ƙaho Buddy Bolden a cikin na farko-farko, amma babu faifansa ko ɗaya da ya iso gare mu. Faifan farko da aka sayar da sunan jaz ya fito a 1917, kuma na wata ƙungiyar fararen fata ce, Original Dixieland Jass Band. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa ke da kiɗan, wa kuma ke da ƙofar shiga ɗakin ɗaukar sauti a wancan zamani.

Baƙaƙen fata sun yi ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa don guje wa wariya da neman aiki, kiɗan ya bi su Shikago. Saurari faya-fayan King Oliver na 1923. Za ka ji ƙaho da kilarinet da turambon duk suna busa lokaci guda, kowa da nasa layi, suna saƙa juna. Sautin ya tsufa, yana da ƙura, ka yi haƙuri da shi. A cikin ƙungiyar akwai wani saurayi, Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901.

Shi ne ya sauya komai. Sa "West End Blues" ta 1928. Kafin kowa ya taɓa kayan kiɗansa, Armstrong shi kaɗai ya buɗe da wata busa ta daƙiƙoƙi kaɗan, ta gangaro, ta haura can ƙololuwa, ta sake saukowa a hankali. A tsakiya ya ajiye ƙaho ya amsa wa mai kilarinet da muryarsa, ba kalmomi, sauti kawai. Kusa da ƙarshe ya riƙe sauti ɗaya har gaɓa huɗu kafin ya sake shi ya zubo. Duk cikin minti uku da 'yan kai, domin faifan garmaho na lokacin iyakar abin da yake ɗauka ke nan. Daga Armstrong ne jaz ya zama fagen da mutum ɗaya zai tsaya ya faɗi nasa a kan zagaye. A ganina, wanda zai saurari waƙa ɗaya tak daga shekaru 30 na farkon jaz, wannan ce.

Shekarun 1930 na manyan ƙungiyoyi ne, makaɗa wajen 15, ana kiɗa ana rawa, rediyo na yaɗawa. Duke Ellington ya yi suna a Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York daga 1927 zuwa 1931, wurin da baƙaƙe ke kiɗa fararen fata ke zama kallo. Count Basie ya taso da nasa daga Kansas City, Benny Goodman ya kai kiɗan zauren Carnegie Hall a Janairun 1938. A nan ka saurari yadda rukunin saksofon ke kira rukunin ƙahoni na amsawa. Kada kuma ka wuce wannan zamani ba ka ji "Strange Fruit" ta Billie Holiday ba, ta 1939, waƙa a kan baƙaƙen da gungun fararen fata ke ratayewa a bishiya a kudancin Amurka. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya sai a ƙarshe.

Sai juyin da ya raba jaz da filin rawa. A farkon shekarun 1940 wasu matasa kan haɗu da tsakar dare a Minton's Playhouse a Harlem bayan sun tashi daga aikin manyan ƙungiyoyi: Thelonious Monk, Kenny Clarke, Dizzy Gillespie, Charlie Parker. Suka ƙara sauri, suka cusa sautuka masu wuya, suka rage yawan makaɗa zuwa biyar. Aka sa wa salon suna bibop. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944 saboda rikicin kuɗi da kamfanoni, don haka jama'a ba su ji yadda abin ya tsiro ba, sai kawai suka gan shi da girmansa. "Ko-Ko" ta Parker, ta 1945, tana gudun kusan bugu 300 a minti. Kada ka fara da ita. Fara da "Now's the Time" wadda aka ɗauka a rana ɗaya da ita, bulus ce mai gaɓa 12 da ka riga ka iya ƙirgawa, za ka ga ashe zagayen na nan, kayan da aka ɗora masa ne suka ƙaru.

Zuwan dogon faifai a 1948 ya ba makaɗa damar busa minti goma ba a tsayar da su ba. Shekarun 1950 suka rabu biyu. Wasu suka sassauta, suka sanyaya sauti. Wasu kuma suka mayar da kiɗan ga bulus da coci, kuma babu misalin da ya kai "Moanin'" ta Art Blakey da ƙungiyarsa Jazz Messengers, ta 1958: fiyano na kira, ƙahoni na amsawa kamar jama'a na cewa amin. In kana son shigar da wani cikin jaz, da ita za ka fara masa.

A 1959 kaɗai aka fitar da Kind of Blue, da Time Out na Dave Brubeck mai ɗauke da "Take Five" da ake ƙirgawa biyar-biyar, da Mingus Ah Um na Charles Mingus, da The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman. Miles ya rage yawan sauye-sauyen da ke cikin zagaye don mai busa ya sami sarari. Coleman kuwa ya sallami fiyano, ya bar karin waƙa ya ja ragama ba tare da bin zagayen sau da ƙafa ba. Shi ne mafi wuya, ka bar shi zuwa gaba, amma kada ka yarda da masu cewa shirme ne. Akwai kukan bulus a cikin "Lonely Woman" fiye da yadda za ka zata.

Lokacin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata ne, kuma kiɗan bai kau da kai ba. Mingus ya yi wa gwamnan Arkansas, Orval Faubus, zambo saboda hana yara baƙaƙe shiga makaranta a Little Rock a 1957. Coltrane ya busa "Alabama" a 1963 bayan bam ya kashe 'yan mata huɗu a wani coci a Birmingham. A Disamban 1964 ya ɗauki A Love Supreme, kashi huɗu, wanda ya ce godiya ce ga Ubangiji. An gina kashin farko a kan sauti huɗu da bas ke maimaitawa. Wannan faifan a zauna a ji shi daga farko zuwa ƙarshe, bai fi minti 33 ba.

Bayan haka aka shigo da jita da fiyano na lantarki, kamar a Bitches Brew na Miles a 1970 da Head Hunters na Herbie Hancock a 1973. Wanda ya saba da Afrobeat zai ji su kamar gida.

Mataki na 5: Waƙa ɗaya, bakuna da yawa

Ɗauki "Summertime", wadda George Gershwin ya tsara, ta kuma fito a 1935. Saurari yadda Billie Holiday ta rera ta a 1936, yadda Sidney Bechet ya busa ta a 1939, yadda Ella Fitzgerald da Armstrong suka yi ta tare, sannan ta Miles, sannan ta Coltrane. Sami ɗan littafi ka rubuta abu uku a kan kowacce: saurinta, wanda ya fi jan hankalinka, da wurin da aka kauce wa ainihin karin. A jaz ba a tambayar wa ya fi bin waƙar daidai. Ana tambayar me kowa ya gani a cikinta.

Mataki na 6: Koyi gane muryoyi

Kowane babban makaɗi ana gane shi da sautinsa kamar yadda kake gane muryar ɗan'uwanka a waya. Miles yana barin gurbi, shirunsa ma magana ne. Coltrane sautinsa a miƙe yake, mai kauri, yana zubo da sautuka kamar ba zai numfasa ba. Adderley mai fara'a ne, yana lanƙwasa sauti. Monk yana dukan fiyano da yatsu a miƙe, ya dakata inda ba ka zata ba. Koma kan "So What", rufe ido, ka faɗi lokacin da Coltrane ya miƙa wa Adderley.

Hanya mafi kyau ta faɗaɗa abin da ka sani ita ce karanta sunayen da ke jikin faifai. In mai fiyano ya burge ka, nemi faifan da shi ne jagora. Daga Kind of Blue kaɗai za ka fita zuwa mai fiyano Bill Evans, Coltrane da Adderley, kowannensu kuma ya kai ka wasu gidajen. Sannan ka nemi bidiyon wasanninsu, don gani ya kori ji. Za ka ga yadda jagora ke ɗaga gira mai ganga ya gane, da yadda mai busa da mai ganga ke karɓa-karɓa, gaɓa huɗu kai, gaɓa huɗu ni.

Mataki na 7: Bi sawun da ya iso wajenmu

Makaɗan jaz da yawa sun waiwayi Afirka da gaske. Armstrong ya je Accra a 1956, kafin Ghana ta sami 'yanci, ya kuma zo Najeriya a rangadinsa na 1960. Randy Weston ya zo Legas a 1961, daga baya ya zauna a Maroko. Art Blakey ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, kuma Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, ya sha faɗin cewa daga faya-fayan Blakey da Max Roach ya koyi abubuwa da yawa. A 2017 Allen ya fitar da faifai na girmama Blakey a kamfanin Blue Note. Shi kansa Fela da haɗin hailaif da jaz ya fara, a ƙungiyarsa Koola Lobitos. Sa "Moanin'" ta Blakey, ka bi ta da wadda Allen ya kaɗa, ka ji yadda kari ɗaya ke zama a kan bugu biyu daban.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, wanda ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana matashi. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali kan sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa wanda ya fito a 1987, kuma yana da faifai mai suna In Nigeria da ya ɗauka tare da makaɗan ƙasar. Fara da Eastern Sounds na 1961 don ka san muryarsa kafin zuwansa, sannan ka sa In Nigeria ka nemi abin da zaman Zariya ya ƙara masa, musamman a busar sarewa da yadda yake ba ganguna fili. Daga nan hanya a buɗe take zuwa Abdullah Ibrahim da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, da Mulatu Astatke na Habasha, wanda ya ɗora jaz a kan sautuka biyar na kiɗan ƙasarsa.